Kaset Ɗaya Tsakanina da Inna

Kaset ɗaya ne tsakanina da Inna. Ni ina Jalingo, ita tana Lau, shi kuma kullum yana hanya. In na cika shi da surutuna sai in kai tasha, in ba direban a-kori-kurar da ke ɗauko bandar kifi daga can. Ranar kasuwa Inna ta je ta karɓa, ta saurara, sannan ta danna jan madanni ta ɗora maganarta a kan tawa, ta mayar wa direba. Ita ba ta karanta boko, ni kuma ajamina sai dai a rufa asiri, shi ya sa muka zauna a kan haka shekara da shekaru.

Ni ce 'yar farinta, saboda haka tunda ta haife ni ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ko a cikin kaset ba ta yi mini magana kai tsaye. Sai ta yi sallama, ta yi gyaran murya, ta ce, "A gaya wa ta Jalingo," kamar akwai wani masinja zaune a cikin rediyon da zai taso ya isar mini. Yabo kuwa babu shi ko na magani. Ranar da na aika mata cewa na ci jarrabawar buga tafireta, amsar da ta dawo ita ce a gaya wa ta Jalingo ta rage yaji a miya. Na san al'ada ce, ni ba sakarya ba ce, kunyar ɗan fari kowa ya san ta. Amma sanin bai hana abin ya riƙa ci mini rai ba, don ni a duniya babu abin da nake so kamar in ji matar nan ta ce na yi wani abu daidai.

Na zo Jalingo ne bayan an ƙirƙiro jiha, lokacin da ma'aikata ke ta kwararowa daga ko'ina da katifu a ka. Aurena na fari ya mutu bai kai shekara biyu ba, na ce ba zan zauna a Lau ana yi mini kallon tausayi ba. Na samu aikin buga takardu a sakateriya, na kama ɗaki a wani gidan haya a Mayo Gwoi. Ƙofa tara ce a gidan, kowace ƙofa da yarenta, Hausa ce kawai ke haɗa mu a bakin rijiya. Kowa da iyalinsa, ni kaɗai ce in na rufe ƙofa ba mai ce mini sannu. Safiya ba ta da wuya, akwai ofis. Tsakanin la'asar da magariba ne tashin hankalin, lokacin da kowace mace ke kiran 'ya'yanta cin abinci, ni kuwa ina zaune da kwano ɗaya da cokali ɗaya. Har hira na taɓa kama kaina ina yi da butar alwala.

Ƙofar da ke kallon tawa ta wani malamin firamare ce, Mumuye, kowa Ticha yake ce masa. Shi ke kaɗa jita a cocinsu. Matarsa ce ta tona mini asiri, ta ji ina waƙa a wurin wanki ta je ta fesa masa. Wata Asabar sai ga shi a ƙofata da jitarsa a rataye, ya tsaya nesa kaɗan saboda ladabi.

"Malama, an ce kai yana da murya," in ji shi. Haka Hausarsa take, mace da namiji duk kai ne.

Na ce, "Wa ya gaya maka? Ni tafireta nake bugawa."

Ya ce shi dai in zo in ji, ba dole. Akwai abokansa biyu, wani Jukun mai zanen taswirar gine-gine a ma'aikatar ayyuka, yana da ƙaramin piyano na lantarki, da wani ɗan bautar ƙasa daga kudu mai ganguna. Sun daɗe suna kiɗa, amma dukkansu in suka buɗe baki sai kaji su watse. Na ce zan leƙa na minti biyar. Sai da aka kira magariba na tashi.

Ticha ya ce sunan irin kiɗan nan rok mai taushi, na Turawa ne. Ni dai abin da na sani kiɗa ne da ba ya tayar da kowa tsaye. Jita a hankali, ganga kamar ana lallashin jariri, babu rawa, babu guɗa, babu mai yi maka liƙi. Matar Ticha ta sa masa suna kiɗan zaman makoki. Amma wallahi ya dace da ni, don duk abin da ke cunkushe a ƙirjina tsakanin la'asar da magariba ya sami ƙofar fita. Su suna haɗa kiɗa, ni ina sa kalmomi da Hausa, ina rubutawa a bayan takardun da na ɓata a ofis. Mun sa wa kanmu suna ma, amma ba zan faɗa ba, ko yanzu na tuna sai kunya ta kama ni.

Shekara guda muna haka, kowace Asabar a ƙarƙashin mangwaron gidan. Muka tara waƙa takwas. Wadda na fi so ita ce ta bakin kogin Binuwai, inda nake raka Inna sayen kifi ina ƙarama, in ga mutane sun shiga jirgi amma suna ta waiwaye. Amshinta gajere ne:

Mai kwale-kwale jira ni,
ban gama sallama ba.

Da Ticha ya ce mu ɗauka a kaset na sayarwa, namu na farko, dariya na yi. Ashe da gaske yake. Akwai wani mai gyaran rediyo a Kachalla Sembe da ke da injin haɗa sauti a ɗakinsa. Ya jingina katifu a tagogi, ya kashe fanka don kada ƙararta ta shiga, muka tsaya mu huɗu muna zufa kamar masu tuya. In mutum ɗaya ya yi kuskure sai a koma farko, in aka ɗauke wuta a tsakiya ma haka. Asabar uku muka yi muna wannan wahala. Da aka gama, mutumin ya zaro kaset ɗin, ya sa ɗan makulli ya ɓalle 'yan kunnuwa biyu da ke samansa. Ya ce in babu kunnuwan nan jan madanni ba zai dannu ba, ba mai iya ɗora wani abu a kai.

"Wannan ita ce uwa," ya ce. "Daga ita za a haifi sauran. Ni ban ajiye komai ba, in ta ɓace ku kuka sani."

A Jos ake buga kaset da yawa, kuma Ticha ba zai samu zuwa ba sai an yi hutun makaranta, saura mako uku. A cikin makon da muka gama, mai ganga ya kammala bautar ƙasarsa. Muka haɗa rediyo biyu baki da baki muka kwafar masa, har da carar zakaran maƙwabta a ciki, ya tafi da shi kudu. Mai piyano kuma takardar canjin wurin aiki ta same shi, aka tura shi Gembu, can saman dutse. Ƙungiyar da aka yi shekara ana ginawa ta watse a kwana goma, abin da ya rage mana duka yana cikin kaset ɗaya. Ni aka ba ajiyarsa.

"Ɗakinka babu yara, ba mai jan zaren," in ji Ticha. Da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma sai da maganar ta soke ni.

Ana haka kaset ɗinmu na gida ya iso daga Lau. Na sa, na ji gaisuwa, na ji labarin ruwa ya fara cika, sannan Inna ta yi gyaran murya na biyu, wanda na san ba alheri.

"An ce ta Jalingo ta zama zabiya, tana bin maza da garaya. A gaya mata ba a haka a gidanmu."

Zabiya! Ni! Na tashi na zauna ya fi sau biyar. Wata munafuka ta zo asibiti daga Lau, ta hango ni a ƙarƙashin mangwaro, ta kwashi labari ta ƙara gishiri ta kai. Na ɗauko rediyo zan mayar da amsa, na danna, na rasa ta inda zan fara, don duk abin da ya zo bakina ba na faɗa wa uwa ba ne. Sai zuciya ta ce mini, me zai sa ki yi ta bayani? Aika mata ta ji da kunnenta. Lau ba nisa, mako guda ya dawo, Ticha ma ba zai sani ba. A ƙasan zuciyar kuma akwai wata magana da ban yarda na gaya wa kaina ba: wataƙila in ta ji, ta ce wani abu.

Na naɗe uwar kaset a ƙyalle na kai tasha. Namu na kullum kuwa na bar shi a kan tebur, don fushi nake, ba ni da abin faɗa. Direba yana saman mota yana ɗaure kaya, na ɗaga murya na ce ya gaya mata ji kawai za ta yi, kada ta taɓa jan madanni, ta dawo mini da shi yadda yake.

"An gama, Hajiya," ya ce, bai ko waiwayo ba.

Ban damu ba, ai kunnuwan a ɓalle suke. Na manta shaf cewa shekara biyu kafin nan na taɓa aika mata wani tsohon kaset marar kunnuwa, ta aiko cewa rediyo ya lalace, madanni ya ƙi. Da na je Sallah ni da kaina na zaunar da ita, na yagi takarda, na tauna, na cusa a ramukan, na danna ya dannu. Har ina yi mata burga wai dabarar 'yan birni ce.

Bayan mako guda saƙo ya dawo, a cikin leda, tare da bandar kifi guda shida. Tun a tasha na kwance ƙyallen. Ramuka biyun nan a toshe suke da tattaunanniyar takarda, an danna ta tsaf, aiki mai kyau. Ban san yadda na kai gida ba. Na sa a rediyo, inda ya kamata jitar Ticha ta shigo sai na ji, "Salamu alaikum. A gaya wa ta Jalingo." Na kashe. Na juya ɗaya gefen, na ji tana lissafa waɗanda suka haihu a unguwa. Na tura gaba, na ji kukan kaji. Na ƙara turawa, kaji. Ta cinye gefe biyun ƙaf, ko ƙyas ɗin jita bai tsira ba.

Laifin wa? Kaset ɗaya ya zo mata kamar kullum, ta amsa a kansa kamar kullum. Direba ya ce ta taga ya miƙa mata cikin turmutsutsu, ya manta da saƙon baki. Yau na san tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Amma a ranar ban ga laifina ba ko kaɗan. Abin da na gani shi ne, abu ɗaya tak na taɓa yi a rayuwata da ba kwafin rubutun wani ba, matar nan ta hau kansa ta zauna da labarin suna da kaji. Na wurga kaset ɗin ƙasan akwati, na ɗora zannuwa a kai.

Gaya wa Ticha ya fi komai wuya. Ya riga ya sayi sabuwar riga ta zuwa Jos. Na same shi yana gyaran kekensa, na faɗa masa a tsaye, ban ɓoye komai ba. Ya daɗe yana juya fedar da hannu.

"Ba komai, Malama," ya ce. "Mama ne."

Da ma zagina ya yi. Wannan ba komai ɗin ya fi mari zafi. Ya rubuta wa mai ganga wasiƙa ko za a samo kwafin nan mai zakara, har sau biyu, amsa ba ta zo ba. Bai taɓa sauya mini fuska ba, ni ce na kasa haɗa ido da shi. Na koma fita ofis kafin ya buɗe ƙofa, in na jiyo jita ranar Asabar sai in rufe taga. La'asar ɗina ta dawo yadda take a da, har ta fi, don yanzu na san yadda ake zama cikin mutane.

Inna kuwa na ɗauke mata wuta. Ban aika kaset ba, ban aika gaisuwa ba, na sauya hanya don kada in bi ta tasha. Sallah ta zo na ce aiki ya riƙe ni, na zauna a ɗaki na ci tuwon da matar Ticha ta kawo mini, ita da ba Sallarta ba. Duk wata sai direba ya bar mini ledar kifi a wurin mai gadin ofis, babu kaset a ciki. Kuma ina cinye kifin, rashin kunyata ta kai nan. Cewa nake bari ta ji yadda shiru yake, wata mai zuwa zan huce. Wata bakwai ina cewa wata mai zuwa.

Wata Talata da hantsi ina cikin buga takarda sai na ga direban a ƙofar ofis, shi da bai taɓa wuce wurin mai gadi ba, hularsa a hannu. Inna ce, zazzaɓi ne na kwana uku. Kafin in isa Lau an riga an kai ta.

A zaman makoki wata ƙawarta da suke bandar kifi tare ta ja ni gefe. Ba faɗa ta yi mini ba, da ma faɗan ne. Ta ce duk ranar kasuwa Inna sai ta je tasha ta tsaya har motar ta gama sauke kaya, ba ta tambaya, kallon hannun direba kawai take yi. Ta sayi sabon batir ta ajiye a cikin kwalla, ta hana kowa taɓawa.

Na ce, "Haba Gwaggo, kaset nawa yake? Me ya hana ta sayi wani ta aiko mini?"

"Na gaya mata haka, 'yar nan," in ji ta. "Ta ce ita ta yi tata maganar, saura taki, ba a katse mutum."

Bayan sadakar bakwai na dawo Mayo Gwoi. Ranar Lahadi da hantsi gidan ya yi tsit, masu coci sun tafi, sauran suna kasuwa. Na buɗe akwati, na ɗaga zannuwa, na ɗauko shi. Wannan karon na bar shi ya wuce inda na kashe.

Gaisuwarta doguwa ce, kullum haka take. Sai da ta gaida mai gidan haya da shugaban ofis da ba ta taɓa gani ba, sannan ta yi gyaran murya.

"An ji saƙo. An ji sau huɗu, batir ya mutu, aka sayo wani. Wadda ta kawo maganar zabiya na aika an kira ta, na zaunar da ita ta ji tun daga farko har ƙarshe, ta tashi ta tafi da kunyarta. A gaya wa mai gangar nan ya rage hannu, yana rufe murya. Ta mai kwale-kwale ta fi. In an zo Sallah a yi mana ita da baki, waƙa ai tana wurin mai ita."

Yadda ta ɗauki abin ke nan. Ita ta tashi cikin matan da ke waƙa a bakin turmi, ba ta taɓa jin waƙar da ta ƙare don an goge wani abu ba. A wurinta saƙo na aiko, ta ji, ta riƙe, ta amsa. Ni kuma wata bakwai amsar tana ƙarƙashin zannuwana.

Sauran gefen duk maƙwabta ne, ta tara su kowa ya gaida ta Jalingo. Na juya. Ta gama lissafin masu haihuwa, ta ce, "To, shi ke nan," amma ƙarar kashewa ba ta zo ba. Ta manta ta bar shi yana ɗauka. Na ji takunta ta yi nisa, ta dawo, ta jawo kujera. Ga kajin da na ji a wancan karon. Ga ƙarar wuƙa tana kankare ɓawon kifi. An daɗe a haka, ni kuma ina zaune a ƙasa na rungume rediyo. Can sai ta fara, ƙasa-ƙasa, da muryar da ban taɓa sanin tana da ita ba. Ta ja waƙar ta koma irin tasu ta daka, amma kalmomina ne, ba ta bar ko ɗaya ba. Mai kwale-kwale jira ni, ban gama sallama ba. Ta kai ƙarshe, wuƙar ta tsaya. Ta yi 'yar dariya ita kaɗai, sannan ta kira sunana, na yanka, cikakke, ta ce, "Ja'ira. Ashe kin iya."

Kaɗan bayan nan zaren ya ƙare, madannin ya ɗago da kansa. Na yi kuka irin wanda ban yi ba a Lau, na kira ta da ƙarfi a ɗakin da ba kowa, na ce Inna na ji, na ji. Kaset ɗinmu na farko bai taɓa zuwa Jos ba, babu wanda ya saya, waƙa bakwai sun tafi har ni na manta rabinsu. Ta takwas ɗin ce ta rage, a bakinta.

Kafin masu coci su dawo na ɗauko allura, na zaro takardun nan biyu daga ramukan a hankali, don kada wani ya sake ɗora komai a kai, ko da ni ce. Da na warware su a tafin hannuna akwai shatin haƙoranta a jiki. Ban iya zubarwa ba, na sa su a gwangwanin allurai, suna nan har yau.